Zamfir da Mijin Didina

Zamfir ya fi shekara ashirin yana jan babbar bas daga bakin Bucharest, babban birnin Romaniya, zuwa Jilava kafin ciwon baya ya kama shi. Kamfani bai sallame shi ba, sai aka mayar da shi ƙaramar farar motar nan mai ƙarfen ɗaga keken guragu a baya, wadda ake kira ta waya ta zo har ƙofar gida ta ɗauki waɗanda ba sa iya hawa bas. Mu da muka yi aiki da shi mun ce aikin ya dace da shi, don shi ba mai son surutu ba ne. Shi kaɗai yake zaune a ciki da falo a wani bene a unguwar Berceni, tun lokacin da matarsa Didina ta haɗa kayanta ta koma gidan Ilarie, bakaniken garejinmu. Ba su taɓa haihuwa ba. Ilarie ya bar garejin ya buɗe nasa, kuma tun daga nan ba wanda ya ƙara ambaton sunansa a gaban Zamfir.

Wata safiya a farkon hunturu, Madam Geta, wadda ke amsa waya tana raba wa direbobi aiki, ta leƙo ta tagar ofis.

"Nea Zamfir," in ji ta, yadda muke kiran dattijo a nan, "kana da sabon mutum a Popeshti. Shanyewar ɓarin jiki ne. Talata da Juma'a za ka riƙa kai shi gashin ƙashi asibiti. Gida mai koren ƙyaure, bayan coci."

Yarinya ce, ba ta san tsohon labari ba. Shi ma bai tambayi suna ba.

Wata maƙwabciya ce ta turo keken har bakin titi. Mutumin da ke kai ya rame, bakinsa ya karkace gefe ɗaya, hannun dama na kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Sai da Zamfir ya durƙusa zai ɗaure ƙafafun keken ya ga tabon ƙuna a wuyan hannun, wanda duk garejinmu ya san ranar da ya ƙone. Ya ɗago kai. Ilarie ne, kuma shi ma kallonsa yake.

Zamfir ya danna maɓalli, ƙarfe ya ɗaga keken, ya ja ɗamara ya ɗaure, ya rufe ƙofa. Sun yi nisa, har sun wuce gadar jirgin ƙasa, sannan wata murya mai nauyi ta fito daga baya, tana jan kalmomi.

"Har yanzu... taka kuloci kake kamar jaki."

"Kai kuma har yanzu ba ka mutu ba," in ji Zamfir.

Da yamma ya sami Madam Geta ya ce a sauya masa mutumin. Ta ce mota biyu kacal ke da ƙarfen ɗagawa, ɗayar kuma tana can arewa da gari. "Ya zage ka ne? Masu ciwon nan haka suke, ka yi haƙuri." Zamfir ya ce a bar shi kawai.

Haka suka ci gaba. Zamfir bai tambayi Didina ba, amma maƙwabciyar ba ta iya riƙe magana. Ta ce Didina tana Italiya shekara da shekaru tana jinyar wata tsohuwa, ita ke aiko abin da ake biyan magani. Da ciwon ya kama mijin ta zo ta yi mako guda ta koma. Ita maƙwabciyar ke kawo masa miya da tuwon masara da rana, wani ma'aikacin jinya kuma yana zuwa ya yi masa wanka.

A hankali magana ta fara shiga tsakaninsu, duk da dai rabinta baƙa ce. Ilarie ya kan ce birki na kuka, Zamfir ya ce kunnensa ne ya shanye tare da hannun. In sun tsaya a danja kusa da mai gasa biredin gishiri, Zamfir ya kan sauka ya sayo biyu, ya jefa masa ɗaya a cinya ba tare da ya waiwaya ba. Suna zagin sababbin direbobi tare, suna lissafa waɗanda suka mutu a cikin tsofaffin abokan aiki. Sunan mutum ɗaya ne ba ya fitowa.

Ran nan suna dawowa daga asibiti, ƙanƙara mai laushi na zuba, sai wayar Ilarie ta ɗauki ƙara. Ya yi ta kokawa da aljihu da hannun hagu har wayar ta suɓuce ta faɗi ƙarƙashin kujera. Zamfir ya gangara gefen titi, ya zagayo ya ɗauko. Hoton Didina ne a kai, kiran bidiyo.

"Riƙe min," in ji Ilarie. "Hannuna rawa yake."

Zamfir ya danna, ya juya wayar ta fuskanci Ilarie, shi kuma ya tsaya a bayanta inda ba za a gan shi ba. Muryar ta cika motar. Ta ɗan dishe, amma ita ce, har da yadda take jan ƙarshen magana in tana faɗa.

"Ina hularka? A wannan sanyin ka fito kai buɗe? Ka sha maganin safe? Ilarie, kalle ni in ina magana."

"Na sha."

"Ƙarya kake. Wa ya riƙe maka wayar?"

Ilarie ya ɗaga ido ya dubi Zamfir. "Direba ne."

"To ka yi masa godiya. Allah ya saka maka, malam direba."

Zamfir ya riƙe wayar har ta gama faɗanta, hannunsa ya ƙage. Da ya koma mazauninsa sai da ya daɗe kafin ya tada mota.

Mako biyu kafin Kirsimeti Ilarie ya shigo mota ba zagi ba tsokana. Sai da suka kusa gida ya ce, "Ba za ta zo ba. Wai tsohuwar ba lafiya." Sannan ya ƙara, "Jiya na ji namiji yana tari a bayanta."

"Ɗan tsohuwar ne ko likita."

"Haka kai ma ka riƙa gaya wa kanka a lokacin?"

Zamfir ya dube shi ta madubi. Shekaru ya yi yana jiran ranar da zai ga wannan mutum a irin wannan hali, yanzu ga ta ta zo, amma bai ji daɗin komai ba. Abin da ya gani kawai tsoho ne yana ƙoƙarin goge yawu da hannun da ya rage masa.

Ranar Kirsimeti motarmu ba ta aiki. Zamfir ya tashi da wuri, ya naɗe nama da shinkafa a ganyen kabeji mai tsami, abin da rabonsa da yi tun yana da mata. Ya dafa tukunya guda, ya naɗe ta da tawul, ya sa ƙaramar kwalbar giya a aljihun kwat. Da azahar ya hau bas ɗin Popeshti kamar kowa, shi da wata tsohuwa da furanninta ne kaɗai a ciki. Direban ya gane shi.

"A'a, nea Zamfir! Yau kai ne da tukunya? An samu wata ke nan?"

"Kalli hanyarka, yaro."

Ya sauka gaban coci ya taka. Tun daga kwana ya ga an share ƙanƙarar ƙofar gidan tas, hayaƙi na tashi daga bututun kicin, ga jan mayafi a shanye a igiya. Ya matsa kusa da shinge. Ta tagar kicin ya hango mace ta juya baya tana yanka wani abu, tana magana da ƙarfi, Ilarie na gefe a kekensa, an ɗaura masa tsumma a wuya, yana dariya da rabin baki. Ashe ta zo.

Ya ɗan tsaya, tukunyar na ɗuma masa ciki. Karen maƙwabta ya fara haushi, sai ya juya. Ranar hutu ce, bas ba ta zuwa akai-akai. Ya zauna a rumfar tasha har ƙafafunsa suka daina ji. A gida ya ci ɗan abin da zai iya a tsaye, sauran ya yi ta ɗumamawa har shiga sabuwar shekara.

Bayan hutu Madam Geta ta ce, "Mutuminka na Popeshti, gobe ba asibiti ba ne, filin jirgi ne. Matarsa za ta tafi da shi Italiya. Daga nan shi ke nan, an cire shi daga jerinmu."

Didina ce ta turo keken da kanta. Ta yi ƙiba, gashinta ya sha rini, kwat ɗinta mai kyau irin na can. Tana ta lissafa jakunkuna, ba ta dubi direba ba sai da ya miƙo hannu zai karɓi akwati.

"Zamfir?" Ta dafe ƙirji. "Kai ne? Ka tsufa."

"Ke ma ba yarinya ba ce."

Ta juya ga mijinta. "Shi ne direban? Duk watannin nan ba ka faɗa min ba?"

"Ba ki tambayi sunansa ba," in ji Ilarie.

Ta zauna a baya kusa da keken. Hanyar zagaye ta cushe da manyan motoci, tafiya ta yi tsawo. Ta ce tsohuwar ta rasu kafin Kirsimeti, 'ya'yan sun bar mata ɗaki a ƙasa, ta sami wani aikin kusa, asibitin can ma ya fi. Ta tambayi Zamfir ko ya sake aure. Ya ce a'a. Ta tambayi mahaifiyarsa. Ya ce ta daɗe da rasuwa. Ta yi alamar gicciye, ta ce ba ta ji ba.

A ƙofar filin jirgi ya sauke keken, ya jera musu kaya a amalanke. Didina ta buɗe jaka za ta ba shi wani abu, ya girgiza kai. Ta taɓa hannun rigarsa, ta ce, "Ka kula da kanka," ta tafi neman ma'aikacin da zai tura keken.

Suka rage su biyu. Ilarie ya miƙo hannun hagu, Zamfir ya kama. Riƙon ya fi ƙarfin da ya zata.

"Can ba wanda zai ji yarena," in ji Ilarie. "Ita kuma tana wurin aiki wuni guda."

"Za ka saba."

"Ana sabawa?"

Zamfir ya yi tunani kafin ya faɗa masa gaskiya. "A'a. Amma ana tashi da safe."

Ma'aikacin ya zo ya juya keken, ƙofar gilashi ta rufe bayansu. Wani ɗan sanda ya buga masa mota ya ce nan ba wurin tsayawa ba ne. Zamfir ya naɗe ɗamarar ya rataye, ya shiga ya tayar. Bai kai titi ba Madam Geta ta kira, ta ce akwai wata tsohuwa a Voluntari da ke jira tun ɗazu, 'yarta har ta fara faɗa. Ya ce ga shi nan zuwa.