Gam ɗin Ɗan Daji

Motar itacen ba ta gama tsayawa ba Bakanike ya haye bayanta yana kwance igiyar da aka ɗaure babur ɗin da ita. Tayar baya ta lotse, sarƙa duk yashi. Mai babur ɗin kuwa tuni an wuce da shi asibiti.

"A ina kuka tsince shi?"

"Can bayan busasshen rafi," in ji direban. "Yana kwance, babur na kansa. Sawun ya nuna tura shi ya yi ta yi cikin rana."

"Tura shi? Ɗan Daji? Mutumin da ke yawo da gareji guda a bayan babur?"

Ɗan Daji maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba su. Maganin dabbobi yake kai wa makiyaya, ta hanyoyin da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta bi, ga shi da hawan jini. Saboda haka Bakanike da hannunsa ya haɗa masa jakar kayan gyara: sifana, filaya, ƙarfen ɓare taya, filogi, tiyub na ajiya, famfon hura taya, faci da gam. Ya sha gaya masa cewa a daji babu maƙwabci, jakar nan ita ce uwa ita ce uba.

To amma a layi akwai maƙwabta, kuma Ɗan Daji bai iya cewa a'a ba. Jakar ta zama ta kowa. Mai aro da kansa yake zuge zip ya ɗauka, da kansa yake cusawa in ya gama, sai ya ɗaga murya, "Na mayar!" Daga ɗaki a amsa masa, "To madalla." Da safe Ɗan Daji ya jinjina jakar da hannu ɗaya, in ya ji nauyinta yadda ya saba, shi ke nan binciken ya ƙare.

Bakanike ya zazzage jakar a ƙofar shagonsa. Komai na nan, ko allura ba ta ɓata ba, kuma wannan ne ya fi ƙona masa rai. Tiyub na ajiya an zare masa doguwar roba daga gefe. Ya danna famfo, rabin iskar ta gudu ta gindi. Ya ɓare tayar ya zaro tiyub ɗin ciki, sai ga hujin, ɗan mitsitsi, an kankare kewayensa tsaf yana jiran faci. Bawan Allah ya yi duk abin da aka koya masa. Sai Bakanike ya ɗauki gam ɗin. Murfin a karkace yake. Ya matsa, ya ƙara matsawa da yatsu biyu, ko ɗigo bai fito ba, ya bushe ƙamas.

Kafin rana ta yi sanyi aka dawo da Ɗan Daji a lulluɓe.

Maza sun cika bencinan ƙofar gidan lokacin da Bakanike ya iso da jakar. Mai aski na cikin cewa, "Kwana ne ya ƙare, babu yadda za a yi," sai Bakanike ya jefa famfon tsakanin ƙafafunsa.

"Wa ya hura wa 'ya'yansa ƙwallo da wannan har ya fasa shi?"

Mai aski ya janye ƙafa, ya hau kallon takalminsa.

"Tiyub ɗin fa? Wane ɗan albarka ne ya yi masa aski?"

"Haba, 'yar roba ce fa," in ji mai wanki da ƙaramar murya. "Tiyo na ɗaure. Kuma na mayar."

"Ka mayar! Kowa ya mayar! Layin masu amana ke nan. Kun cinye jakar mutum kun bar masa nauyinta."

Wani dattijo ya kamo hannun rigarsa. "Ɗana, gawa na ciki."

"Na sani, Baba, ai don tana ciki nake magana." Ya zaro gam ɗin ya ɗaga sama. "Famfo mai yoyo, da haƙuri zai tashi taya. Amma wannan ba shi da dabara. Wanda ya buɗe gam ɗin nan bai rufe ba, shi ya sa mai hawan jini tura babur a yashi. Sai na gano shi. Kuma da kunnensa zan ja shi har gaban matar marigayin ya gaya mata da bakinsa."

Kowa ya shiga lissafin abin da ya taɓa ara, kuma Bakanike ya ji ya tsane su duka, har da marigayin da bai taɓa hana kowa ba.

Wata mata ta leƙo ta ce uwargida na kiransa.

Ya same ta a tsakar gida, tsaye kusa da babur ɗin da aka dawo da shi aka jingina da katanga. Idanunta sun kumbura. Ta bari matan suka ɗan matsa sannan ta yi magana.

"Maƙwabci, na jiyo muryarka. Gam ka ce?"

"Uwargida, ki bar wannan, ni zan ji da su."

"Takalmin makarantar auta ne ya ɓare makon jiya." Tana murza bakin mayafinta. "Maigida yana barci, ban so in tashe shi ba. Ɗan kaɗan na lakata. Na rufe. Ina jin na rufe. Ruwa na tafasa a wuta, sai na yi sauri." Ta ɗago ta dube shi. "Na rufe, ko?"

Gam ɗin na cikin tafin hannunsa. Ya damƙe shi har gefen murfin ya shige masa fata. Duk fushin da ya ɗauko tun rana yana nan a wuyansa, bai ragu ba, sai dai yanzu babu inda zai sauke shi.

"Gam lafiyarsa lau," ya ce. "Famfo ne ya mutu."

"Amma ka ce..."

"Ɓacin rai ne ya sa ni sambatu. Ni ne bakanike ko ke?"

Ta daɗe tana kallonsa. Bai kawar da ido ba, don ya san in ya kawar an gama.

A ƙofa ya tsaya kan mazan, murya ƙasa-ƙasa. "Duk wanda ya ƙara ambaton gam a layin nan, ni da shi ne." Suka dubi juna, mai wanki ya buɗe baki, dattijon ya taka masa ƙafa.

Da ya waiwaya ta ƙofar da ke buɗe, ya hango ta ta kwance gorar ruwan da ke rataye a hannun babur. Babu komai a ciki. Ta tsugunna bakin magudana ta ɗauraye ta ciki da waje, ta kife ta a kan katanga ta tsane.