Karkatacciyar Huɗar Baba Jaji

Kwana talatin da bakwai Ɗalha ya yi a hannun 'yan bindiga. A gonarsa ta bayan Mawashi suka ɗauke shi, a gindin gawo, da rana tsaka. Allah ya kuɓutar da shi, amma tun da ya dawo ko bakin gari bai ƙara leƙawa ba. Ga damina ta kankama, geron da muka shuka masa ya isa huɗa.

Mu maƙwabta muka ce a yi gayya a gama masa. Baba Jaji, sarkin nomanmu, ya hana.

"Ku gama mai bana, baɗi ma ku gama? Gonar ba ta ɓace ba, mai gonar muka nema. Ku bar mani."

Na ji haushinsa, ba zan ɓoye ba.

Kowa ya san Ɗalha da tsantseni a kan kunya. In ta karkace ko da taki ɗaya ne, sai ya rushe ta. Washegari tsohon nan ya saɓi garma, ya je gonar Ɗalha ya yi wata huɗa kamar sawun maciji. 'Yan kabu-kabu masu zuwa Kusada har tsayawa suke suna dariya, ana cewa tsufa ya ci sarkin noma. Shi ko a jikinsa. Kullum da la'asar sai ya zauna a zauren Ɗalha yana cika baki.

"Ɗana, yau kunya shida na yi maka, kamar an ja da igiya!"

A rana ta biyar matar Ɗalha, Humaira, ta tsegunta wa mijinta abin da gari ke faɗi. Ɗalha ya miƙe.

Na bi shi a baya har gonar, inda Baba Jaji ke huɗa. Da Ɗalha ya hango gawon sai ya toge, gumi ya keto masa. Baba Jaji ya duƙa ya ci gaba da ɓarnarsa, yana nufar gindin bishiyar.

"Haba Baba! Mi kake yi haka?"

Ɗalha ya taka, ya karɓe garmar. Sai da ya kai kunyar ƙarshen gona, miƙe sak, ta gefen gawon, sannan ya ɗago.

Tsohon ya zauna a ƙasa yana share ido da hularsa.

"Alhamdu lillahi. Shekara hamsin ina huɗa, ɗana, ban taɓa shan wuya irin ta karkatar da ita ba."