Waken Ƙi-Mutu a Bakin Allura

A kasuwar hatsi babu mai kiransa da wani suna sai Ƙi-Mutu, kuma ba a banza ya samo shi ba. Rijiya ta taɓa ruftawa da shi ya fito da ƙafarsa. Mota ta kife da su, shi kaɗai ya tashi yana karkaɗe riga. Maganin ƙwari kuwa da hannu yake dama shi tun yana saurayi, ba safar hannu ba takunkumi. Bai taɓa zama a aji ba, bai kuma taɓa auna magani da murfi ba. Barbaɗawa yake yi a buhun wake har sai hancinsa ya ce ya isa. Abin da bai lura da shi ba, hancin ya riga shi tsufa.

Bana wani kamfani mai dafa wa asibitoci abinci ya ce zai kwashe waken sitonsa kaf, amma sai an gwada. In aka ga magani ya yi yawa, za a rufe siton a gaban 'yan kasuwa, shi da ba a taɓa dawo masa da ko tiya ɗaya ba. Gwajin kuma ya faɗo ɗakin da Autarsa take aiki.

Da rana tsaka ya je ya kafe a ƙofa yana wa maigadi lissafin irin mutuwar da ya tsallake, har Auta ta ji kunya ta shigo da shi lokacin da abokan aikinta suka fita cin abinci. Ta sa masa farar riga da ta matse shi a hammata. Ɗakin ba taga, sanyi kamar cikin firij, ga wata na'ura mai girman akwatin amare tana gurnani. Ya tambaya ko wannan ce za ta yi masa shari'a, abin da ko wake bai taɓa ci ba.

Auta ba ta yi dariya ba. Ta nuna masa ruwan wakensa da aka niƙa aka tace, yana cikin 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba. Ta ce famfo ne zai tura ruwan ta siririn bututu zuwa bakin wata allura, a nan lantarki zai tarwatsa shi ya zama feshi. In ruwan yana tafiya a hankali, ɗigon kan fito ƙanana, su bushe nan take, gubar ta ɗauki cajin lantarki, na'ura ta gan ta, layi ya ɗaga a fuskar kwamfuta. In aka ƙara masa gudu, ɗigon su yi ɓulɓul su kasa bushewa, ɗan abin da ake nema ya wuce ba a gani ba.

Mutumin da ya tsufa da goyon tankin feshi ai ba sai an maimaita masa ba. Ya matso, ya rage murya.

"To Auta, ki buɗe mata famfon mana. Ta sha ta ƙoshi."

"Baba, ka dubi faifan nan."

Ya duba. Kwalabe ne jere reras, tasa ɗaya ce a ciki. Ta ce wannan alayyafon wani ne, wancan tumatir, na gefe garin kunun jarirai. Gudu ɗaya ake saita wa dukkansu. In ta makantar da na'urar dominsa, ta makance wa kowa ke nan.

Ya ce shi fa shekara da shekaru yana shaƙar maganin nan, ga shi garau, ko mura ba ta kama shi. Ta ce masu cin waken a kwance suke a gadon asibiti, ba dukkansu ne Ƙi-Mutu ba. Ya tuna mata wanda ya yi ta ɗaukar buhu har ta yi karatun da take masa gadara da shi yanzu. Nan idonta ya ciko. Ta janye kujerarta baya, ta nuna masa gurbin da ake sauya gudun famfon a fuskar kwamfuta.

"Ga wurin nan. Ni hannuna ba zai iya ba, kuma ba zan riƙe naka ba."

Ya miƙa yatsa. Yatsan da ya fizge maciji daga cikin dami ya tsaya a iska. Ya dubi kwalbar garin jariran, ya dubi tasa. Sai ya ja tsaki, ya ce dama shi ba ya taɓa kayan mutane, ya juya zai fita.

Ƙofar ta ƙi buɗuwa. Ya murɗa, ya sa kafaɗa, ko motsi. Auta ta ce sai da katin da ke wuyanta, ita kuma ba ta barin na'ura in allura ta riga ta ɗauki ruwa.

Haka ya dawo ya zauna a kan wata doguwar kujera mara majingina, farar riga na cin hammatarsa. Ruwan wakensa yana tafiya a hankali, yadda aka saba. A fuskar kwamfutar wani siririn layi da ke kwance ya fara ɗagawa, yana hawa, yana hawa. Bai tambaye ta ma'anarsa ba.