Itatuwan Kawu Radoje

Dunja ta ƙare hunturu tana leƙa shafukan jami'o'i, tana neman inda za ta yi digiri na uku a nazarin ƙwayoyin gado da kwamfuta. Ko'ina maganar ɗaya ce: nuna mana aikin da kika yi da hannunki. Ita kuwa ban da darussan aji ba ta da abin nunawa.

Sai ta tuna da lambun šljiva, 'ya'yan itacen da Turawa ke kira plum, mallakar Kawu Radoje, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta. Da bazara ta je ƙauye ta tsinko ganyen da suka yi dabbare-dabbare. Kawun har tsani ya riƙe mata, yana tsokana: "'Yata, mutane na cin 'ya'yan itace, ke ganye kike so kamar akuya?"

Abin nema ya samu. Ta gano wani nau'in ƙwayar cutar šljiva da ba a saba gani a yankin ba. Kuma al'adar masu wannan sana'a ce, duk abin da ka gano ka zuba shi a rumbun bayanan da kowa ke iya buɗewa, tare da ainihin wurin da ka samo shi. Dunja ta sa wurin daidai, saboda doki da son malamai su ce ta iya aiki. Ko sau ɗaya ba ta tuna cewa jami'an gona ma sun iya karatu ba.

Wata jami'a a Jamus ta ɗauke ta. Su kuma jami'an gona suka zo suka shafa wa itatuwan jan fenti, suka ce a tumɓuke su.

Ranar da ta zo sallama ta tarar da rabin lambun ya zama ramuka. Kawun ya gasa nama, ya tara dangi, yana ta nuna ta: "Ga masaniyar gidanmu!" Amma kujerar maƙwabcinsa Stanimir, abokinsa tun ƙuruciya, babu kowa a kai.

"Kawu, ina Baba Stanimir?"

"Kada ki ƙara kiran sunan munafukin nan a gidana. Wa ke leƙen lambuna ta kan shinge in ba shi ba? Shi ya kai ƙarata. Har kuka ya yi wai bai san komai ba, tsohon banza."

An bar jaki ana dukan taiki, kuma Dunja kaɗai ta san jakin. Kunya ta kama ta.

Da za ta tafi, Kawun ya miƙo mata kwalbar dafaffen šljiva. "Na ƙarshe ke nan daga itacen da babanki ya dasa. Ki ci a can." Ya rage murya. "Ke da kwamfutarki ba a ɓoye muku komai. Ki binciko min shaida a kan Stanimir, in tona masa asiri a gaban coci."

Ta dubi ramukan, ta dubi shingen.

"Kawu, ka je ka kira shi ya ci nama. Ba shi ba ne. Ganyen da na tsinka ne, kai ka riƙe min tsanin."

Kawu Radoje ya tura kwalbar cikin jakarta, ya ja zif, ya nufi shingen ba tare da ya ce mata a sauka lafiya ba.