Bushiya Ta Karkata

Magini ya ajiye aiki, amma idonsa bai ajiye ba. Ko hoto ya gani a karkace a gidan mutane, sai ya tashi ya gyara kafin ya amsa gaisuwa. 'Ya'yansa kuwa sun sha jin "Miƙe mana" tun suna rarrafe.

Matarsa tana da wata shukar hamada a baranda, ƙatuwa kamar tulu, jikinta duk ƙaya ruwan ɗorawa. Bushiya take ce mata. Tun tana kamar ƙwan kaza take renonta, shekara da shekaru tana jiran furenta na fari. Bana dai furen ya fara leƙowa a tsakar kanta, sai ga ciwon baya ya kwantar da uwargida a asibiti.

"Baban yara, kada ka ba ta ruwa sai ƙasar ta bushe ƙamas," ta ce. "Kada kuma ka juya tukunyar. Ina so in zo in tarar da furen nan."

"Ni da na gina benaye, ƙaya ce za ta gagare ni?"

Wajen ba ta ruwa kam, ya riƙe hannunsa. Amma Bushiya ta karkata wajen rana, yadda irinta suke yi, abin ya tsaya masa a rai. Wata safiya ya juya tukunyar, wai ta miƙe. Gefen da bai saba da rana ba ya ƙone, ya yi fari fat. Magini ya san ba shuka kaɗai ya taɓa ba.

Bai tsaya zullumi ba. Ya mayar da tukunyar yadda take, ya kafa mata 'yar rumfa da tsohon gidan sauro. Ƙunar ta tsaya inda take, ta zama tabo.

Ranar da aka sallamo uwargida, ta shigo tana dogara sanda, jikinta a karkace ta hagu. Likita ya ce haka za ta zauna. Ta ja ta tsaya a baranda. Furen ya buɗe, rawaya mai haske, tabon yana ƙasansa.

"Ka juya ta," ta ce.

"Na juya. Ba zan ƙara ba."

Ta yi dariya, ta nufi ɗaki a hankali. "Miƙe mana" ta zo har bakinsa. Ya haɗiye ta, ya koma ta hagunta, ya ba ta kafaɗarsa.