Baƙin da Ke Bayan Yakutu

Jaka ɗaya, lema, gorar ruwa, ledar da ake raba wa masu amai a jirgin ruwa, sai munduwar zinariya a yanke, ƙulle a bakin gyale. Iyakar abin da Shuwena ta ɗauko daga tsibirin Pemba ke nan. Jirgin ruwan ya yi nisa, teku ta kwanta lumui kamar an shafe ta da mai, ita kuwa rabonta da barcin kirki tun ranar da aka yanke munduwar.

Ta mahaifiyarta ce, Bi Raya, wato Malama Raya a bakin mutanen tsibirin. Hannun tsohuwar ne ya kumbura, ma'aikaciyar asibiti ta sa filaya ta datse ta. Bi Raya ta daɗe da makancewa, sunaye ma sun fara zube mata. 'Yarta Shuwena da ta taso takanas daga Kanada, "baƙuwar nan" take ce mata. Amma kowace safiya sai ta kai munduwar hanci ta shaƙa, sannan ta gane inda take, ta nemi shayi. Da aka miƙa mata yankakkiyar, ta laluba bakin, ta ture. Ta ce an yi mata sata, ita kuma ba ta cin abincin gidan ɓarayi. Tun ran nan ruwa kaɗai take kurɓa, shi ma sai ƙanwarta Maua ta haɗa ta da Allah.

Shagon Kombo maƙerin zinariya yana ƙetaren teku, a tsohon garin tsibirin Unguja, cikin lungun da mutum biyu ba sa gitta juna sai ɗaya ya karkace. Tare suka yi firamare da Shuwena a Pemba. Ya ture gilashin aiki zuwa goshi, ya ƙare mata kallo.

"Ashe 'yan Kanada na tuna talakawa. Bi Shuwena, ina ƙanƙarar da kika ce za ki kawo mana tsaraba?"

"Ta narke a kwastan. Kai kuma na ga har yanzu zinariyar mata kake ci, ga tumbi ya ba da shaida."

Ya yi dariya, ya karɓi munduwar, ya juya ta a ƙarƙashin fitila. Ya ce walda ba ita ce wahala ba, zai ma ƙara ɗan guntu don ta sake wa hannu. Wahalar jajayen yakutun nan ne. Aikin mutanen da ne, a kan ƙaro aka dasa su. Wuta na matsowa ƙaron zai narke, dutsen ya tsage ko ya dushe. Dole a ciro su ɗaya bayan ɗaya, a yi waldar, a mayar.

Ya nuna mata benci. A garin nan mace ba ta ba zinariyarta baya, ko da maƙerin ɗan ɗakinsu ne. Zama take yi ta sa ido har a gama.

"Buɗe idon nan da kyau," in ji shi, "kada gobe a ce na kankare wa Bi Raya rabin dukiya."

Ya sa bakin wani siririn ƙarfe ya ɗaga dutsen farko. A bayansa wani baƙin abu ne danƙare, mai laushi kamar kwalli da mai. Zafin fitila ya taɓa shi, sai ƙamshi ya tashi a hankali: turaren wuta, man kwakwa, kanumfari, hayaƙin itace, da tsamin ƙullun da ya kwana.

Shuwena ta jingina da bango. Shagon ya yi baya. Ga ta ƙarama, zaune a ƙofar madafi a garinsu Wete, ruwan sama na bugun kwano. Ba ta ganin fuskar Mama, hannu kawai take gani yana murza ƙullu, munduwa na taɓa bakin akushi, ƙwas, ƙwas. Ko kuwa ƙaramar gudumar Kombo ce? Harshen wuta shuɗi, siriri kamar allura, ya lashi zinariya har ta yi ja. Yakutun da aka jera a faranti suka koma 'ya'yan rumman, Mama na ɓare mata a tafin hannu. Benci ya soma lilo irin na jirgi. Barci ɓarawo ne, bai yi sallama ba.

Kiran la'asar ne ya tashe ta. Kombo yana tsaye, fuska cike da fara'a, munduwar na kwance a kan jan ƙyalle tana walƙiya kamar yau aka ƙera ta. Ko wurin waldar ba a gani.

Ya ce da ya ga ta gaji bai so ya tashe ta ba. Bayan wuta ya tsoma ta a ruwan batir, ya bi ramukan da buroshi, ya zuba sabon ƙaro, ya goge. Ramukan duwatsun ma ba ya wanke wa kowa sai an roƙa. Wannan don zumunci ne.

Ta kai munduwar hanci. Ƙarfe mai sanyi. Ta tambaye shi baƙin da ya kankaro, ya nuna mata kwanon wanki, ruwan ya rine kamar gahawa.

"Lafiya? Ko aikin bai yi ba?"

"Ya yi," in ji ta. Kuma ya yi ɗin. Ita ce ta yi barci.

Washegari da hantsi, da ta koma Pemba, ta iske Bi Raya a kan gado, ta ƙara zama ƙarama. Tsohuwar ta karɓa, ta bi duwatsun da yatsa, ta kai hanci. Ta daɗe a haka.

"Kyakkyawa ce. Ta wace amarya ce?"

"Taki ce, Mama. An gyaro ta."

"Tawa ta san hayaƙi. Wannan ba ta taɓa shiga madafi ba." Ta miƙo ta sama, ba daidai inda Shuwena take ba. "Mayar wa mai ita, baƙuwa, kada a ce mu ma ɓarayi ne."

Ta juya ta fuskanci bango.

A tsakar gida Inna Maua ta ce garin neman gira an rasa ido. Ta kawo shawarar a turara munduwar a kasko, sannan ita da kanta ta girgiza kai: makauniya ce yayarta, amma hancinta ba a yi masa wayo da turaren yini ɗaya.

Shuwena ta zura munduwar a hannunta na dama. Ta yi mata yawa, ta gangaro har gindin babban yatsa. Ta shiga madafi, ta tambayi inda ake ajiye kujerar kankare kwakwa, da garin alkama, da ashana.

Inna Maua ta biyo ta bakin ƙofa, ta riƙe haɓa. "Ke da ko shayi sai kin duba waya? 'Yar nan, hayaƙin nan zai kashe ki. Jirginki na komawa Kanada fa ba Asabar ba ne?"

Shuwena ta durƙusa ta hura wutar. Hayaƙi ya turnuƙe, ya cika mata ido, ta bar hannun a cikinsa. Sannan ta miƙe ta turo ƙofar, ta sa sakata.

"Jirgi ya tafi abinsa, Inna," ta faɗa daga ciki. "Daga yau ni ke girki a gidan nan, har Mama ta yarda tata ce."