Durƙuson Umara

Duk wanda ya ci kasuwar kifi ta Haɗeja kafin a ba da mulkin kai ya san Umara da Shu'ibu, in bai san fuskarsu ba to ya san muryarsu. Umara Babarbare ne mutumin Guri, mai zane a kumatu, yana kawo bandar tarwaɗa a kwalekwale in ruwa ya cika, a kan jaki in ya janye. Shu'ibu kuwa Bafulatanin gari ne, kakansa ne ya yi kiwo, shi ban da saye da sayarwa ba abin da ya iya. Shi ke sarar bandar Umara ya kai ta tashar jirgi ta Malam Madori. To, ka san Fulani da Barebari, wasa ne tsakaninsu tun kaka da kakanni, kowa na cewa ɗaya bawansa ne, kuma ba a fushi. Amma na mutanen nan biyu ya wuce na kowa.

Da Umara ya hango Shu'ibu sai ya ɗaga murya, "Kai, Fulata! Wa ya kwance ka daga turke da sassafen nan?"

Shu'ibu ya ce, "Ubangidanka ne ya iso, Babarbare. Share mini wuri tun kazar da ta yi maka tono a fuska ba ta dawo ta ƙarasa aikinta ba."

Haka za su yi ta yi har a ɗaure kaya. Masu talla kan tsaya da faranti a ka suna dariya har ciniki ya wuce su. Umara na ƙaunar mutumin nan, amma da ka ce masa haka da sai ya rantse maka sharri kake masa.

Shu'ibu na da hannun ciniki. Daga kifi ya faɗa gyaɗa, daga gyaɗa ya sayi lori, ta haifi wata, ya je Makka ya dawo. Da zaɓen majalisar Kaduna ya ƙarato, jam'iyya ta duba ta ga ba wanda ƙauyukan fadama suka sani kamarsa, sai ta tsai da shi. Abin da jam'iyya ba ta sani ba shi ne ɗan takararta na tsoron ruwa kamar akuya. Umara ne ya riƙa tuƙa shi daga Auyo har Guri, Alhaji ya ƙanƙame gefen kwalekwale ido a rufe yana salati, shi kuma ɗan nema da gangan yake girgiza jirgin. In suka sauka gari, kafin ɗan takara ya buɗe baki sai Umara ya riga shi: "Jama'a, ku zaɓe shi. Bawana ne, in ya yi ba daidai ba ku kawo mini ƙararsa." Mutane su kwashe da dariya. Ran zaɓe kuma suka jefa masa.

Bai daɗe a majalisa ba aka ba shi minista. Ranar da zai zo gida karo na farko, Umara ya kwana yana wasa bakinsa, ya tanadi magana a kan hular, ya tanadi wata a kan motar. Matarsa Mairam tana jin sa yana gwadawa a tsakar gida, ta ajiye muciya ta ce, "Malam, ka rufa mana asiri. Ba ka ga yadda ake ɗaure mutane kan zagin manya ba? Ɗan doka ya san wasan Barebari ne? Ka ce wa minista bawa a gaban jama'a, gobe in kai maka tuwo gidan yari."

Ya ce da ita, "Shu'ibun?" Ya yi dariya ya fita. Amma maganar ta bi shi.

A ƙofar gidan Alhaji ya tarar da abin da bai taɓa gani ba. Ga baƙar mota mai tuta, ga 'yan doka, ga dattawan da suka haifi Shu'ibu sun tuɓe takalma tun daga nesa suna zubewa. Layi ya yi ta tafiya da Umara, maganar da ya tanada tana ta ƙanƙancewa a cikinsa. Da ya iso gaba, Shu'ibu ya gan shi, fuskarsa ta washe, har ya gyara zama irin na mai jiran duka. Sai gwiwoyin Umara suka kai ƙasa da kansu, ya ji bakinsa na cewa, "Ranka ya daɗe. Allah ya taya riƙo."

Shu'ibu ya yi dariya, don ya zaci sharar fage ce, dafin na tafe a baya. Ya jira. Ba abin da ya biyo. Dariyar ta dushe a hankali, ya dubi Umara, sannan ya ce, "Madalla, Malam Umara. Ya mutanen Guri?"

Shi ke nan fa. Abu kamar wasa, wasa ya mutu. Umara ya koma gida yana cewa a ransa, ka ji, Malam Umara, ashe da ma yana jiran a girmama shi. Shekaru suka yi ta wucewa a haka. Minista ya yi aiki, ba a raina masa: an haƙa rijiyoyi a garuruwan tudu, an yi ɗakin shan magani, an tura shi ƙasashen Turawa ya je ya dawo, har maroƙa suka fara kiransa Firaministan gobe. Kowace sallah riga na zuwa Guri daga Kaduna, Umara ya aika da godiya yadda ake yi. Ya gwada tsokanar wasu Fulanin a kasuwa, suka rama kuwa, amma abin ba gishiri. Kewar abokinsa ta dame shi ƙwarai, ga shi abokin na nan da rai, ana ma jin muryarsa a rediyo.

Ana cikin azumi sojoji suka kifar da gwamnati. An kashe manya, sauran aka ce kowa ya koma garinsu. Shu'ibu ya dawo Haɗeja a gaban lorinsa ta gyaɗa, ya shige gida, ko Idi ba a gan shi ba. Labari ya kai Guri cewa ba ya ci, ba ya magana, mutane na ta zuwa jaje kamar gidan makoki.

Mairam ce dai ta sake magana. Ta ce, "Malam, ba za ka je ba?"

Ya ce, "In je in ce me? In durƙusa, ya riga ya ƙoshi da durƙuso. In tsokane shi, a ce ga wanda ya zube lokacin da akwai tuta, yau da ta sauka ya sami baki. Ke kika ce in rufa miki asiri, ga shi na rufa."

Ta ce, "Na faɗa, kuma yau na ce ka je. Sai ka tsaya riƙe maganar mace ta shekara da shekaru, kai da ba ka taɓa jin tawa ba sai ranar nan?"

Ya ɗauki hularsa.

Bayan la'asar ya isa. Zauren cike yake da masu jaje, kowa ya sunkuyar da kai, in wani ya ce sai haƙuri, sauran su ce sai haƙuri. Shu'ibu na zaune a kan buzu, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Umara ya tuɓe takalmi ya shiga, ya ji gwiwoyin nan nasa marasa kunya suna neman ƙasa, ya cije ya tsaya ƙyam. Ya san in ya yi kuskure yau, ko gaisuwar sallah ya rasa ta.

Ya ce, "Fulata, na ji an ce gwamnati ta gaji da kiwonka ta sako ka. To ka sani, ni ba ni da dusa."

Wani dattijo ya ce, "Haba, Malam Umara! A irin wannan rana?"

Shu'ibu ya ɗago kai ya daɗe yana kallonsa, ba alamar dariya. Ya ce, "Yau ka ga dama?"

Abin da Umara yake gudu ke nan. Ya ce a hankali, "Tsoro na ji ran nan, Shu'ibu."

"Tsoro." Shu'ibu ya girgiza kai. "Ni kuwa na ce ko ka yar da ni ne." Ya ja gemu, sannan ya juya wajen masu jaje. "Jama'a, kun san abin da ya sa Babarbare ba ya sayen madubi? In yana son ganin fuskarsa sai ya leƙa gonar da aka yi wa huɗa."

Wani saurayi ya fashe da dariya ya toshe baki, dattijon nan ma ya juya fuska bango kafaɗunsa na rawa. Umara ya zauna daɓas inda yake tsaye.

Shu'ibu ya ce, "Wannan maganar a Landan na haɗa ta. Ana cin abinci da Turawa, aka aje mini cokula mai yatsu a gaba, sai ta faɗo mini. Na juya in faɗa, na ga ba kowa sai wani Bature mai jan hanci. Na haɗiye ta tare da dankalin. Akwai wadda na haɗa ana zaman majalisa, akwai ta cikin jirgin sama. Mutane na ganin minista ya yi shiru suna cewa yana tunanin ƙasa."

Umara ya sa hannun riga ya goge ido, bai damu da wa ke kallo ba. Ya ce, "Duk ka riƙe su?"

"Wa zan ba? Naka ne." Shu'ibu ya ɗaga murya ya kira cikin gida, muryar da mutanen gidan suka kwana biyu ba su ji ba. "A kawo abinci, kwano biyu! A kuma yi wa bawan nan shimfiɗa, ba zai koma Guri yau ba. Ban ko gama da na shekarar farko ba."